Sikeli Bai Isa Ya Yanke Hukunci Ba: Martani Kan Jakar Barcin Masu Hawan Duwatsu

Kwanan baya wani marubuci ya yi wa matasanmu da suka fara sha'awar hawan duwatsu da kwana a daji doguwar nasiha kan kayan tafiya, kuma a mafi yawan abin da ya faɗa ba ni da ja. Inda muka raba hanya shi ne batun jakar barci, bargon nan da ake ɗinkewa matafiyi ya shige ciki ya zuge. Malamin ya yanke hukunci ɗaya ga kowa da kowa: duk wanda yake da gaske ya sayi wadda aka cika da lallausan gashin agwagwa ko na dinya, domin ta fi sauƙin ɗauka, ta fi matsuwa cikin jakar goyo, ta kuma fi ƙarko. Wadda aka cika da zaren roba kuwa, a ganinsa, kayan ɗan koyo ce da wanda aljihunsa bai kai ba. Matsalar jiƙewa, wadda kowa ya san ita ce lagon gashin tsuntsu, da layi biyu ya sallame ta: a zuba jakar a cikin buhun da ruwa ba ya shiga, a kuma nemi gashin da aka yi wa maganin ruwa. Hujjojinsa uku na farko gaskiya ne, ba zan musa ko ɗaya ba. Hukuncin da ya gina a kansu ne ban yarda da shi ba, domin a kan teburin mai shago ya auna jakunkunan biyu, alhali wurin da jakar barci ke nuna halinta shi ne dare na uku ko na huɗu a kan dutsen da rana ba ta leƙo ba tun ranar da aka hau shi.

Jakar barci ba ta samar da ɗumi ko kaɗan. Jikin mai barci ne ke fitar da zafi, aikin jaka shi ne ta riƙe iska a tsaye cik a kewaye da shi, domin iskar da ba ta motsi ba ta saurin kwashe zafi. Gwargwadon kumburin jakar, gwargwadon iskar da ta riƙe, gwargwadon ɗuminta. A wannan fage har yau babu masana'antar da ta kamo gashin tsuntsu. Lallausan gashin da ke kwance ƙarƙashin fuka-fukan agwagwa ba shi da tsinke a tsakiya, curi ne na dubban siraran zaruruwa da ke bazuwa ta kowace fuska. Lambar da ake gani a jikin kayan, 600 ko 800 ko 900, awo ce ta yawan wurin da giram 28 na gashin zai cika idan ya kumbura, kuma mai lamba 800 yakan cika wurin da ya kai lita 13. Shi ya sa George Finch ya je Everest a 1922 da rigar da aka cika da irin wannan gashi, shi ya sa kuma Eddie Bauer ya fitar da tasa kasuwa a Amurka a 1936. Duk wanda ya ce zaren roba ya kai gashi ɗumi idan nauyinsu ɗaya kuma dukansu a bushe suke, bai faɗi gaskiya ba.

Sai dai a lura da sharaɗin nan na bushewa, domin a kansa gardamar take. Marubucin ya jingina sosai da lambobin sanyi da ake bugawa a jikin jaka, yana nuna cewa jakar gashi mai nauyi kaza ta kai ta roba mai nauyi kaza. Waɗannan lambobi sun fito ne daga wani ma'auni na Turai da aka fara aiki da shi a 2005, wanda ma'aunin ƙasa da ƙasa mai lamba ISO 23537 ya gaje shi a 2016. Yadda ake gwajin shi ne a kwantar da mutum-mutumi mai ɗumama kansa da lantarki a cikin jakar, a kan shimfiɗa, a ɗakin da aka saita sanyinsa, a ga yawan wutar da yake ci kafin ya riƙe zafinsa. Daga nan ake fitar da lamba uku: sanyin da mace za ta yi barci a sake, sanyin da namiji zai iya barci a ƙudundune, da kuma na ƙarshe wanda ba na barci ba ne sam, na tsira da rai ne na awa shida. Gwaji ne mai amfani, ya kuma rage ƙaryar 'yan kasuwa. Amma sabuwar jaka ake gwadawa, busasshiya ƙayau, kuma mutum-mutumin ba ya numfashi ba ya zufa. Lambar tana ba da labarin daren farko ne kawai. Ba ta ce komai kan dare na huɗu ba, kuma marubucin ya karanta ta kamar alkawari ce na dukan tafiyar.

Me ruwa ke yi wa gashin? Mai karatu zai iya tambaya, ai agwagwa a ruwa take wuni, me ya sa sanyi ba ya kama ta? Amsar ita ce lallausan gashin nata ba ya taɓa ruwan. Manyan fuka-fukan waje ne ke rufe shi ruf, tsuntsuwar kuma tana ta gyara su da baki tana shafa musu man da ke fita daga gindin wutsiyarta. Da zarar an fige gashin an zuba shi cikin siririn yadi, an raba shi da wannan garkuwa. Idan ya sha ruwa sai zaruruwan su manne da juna, curin ya rushe ya zama ƙulli-ƙulli a lungunan ɗinki, a bar mutum tsakanin yadi biyu da babu komai a tsakaninsu. Ruwa kuma yana kwashe zafi fiye da iska kusan sau 25. Zaren roba, wanda galibinsa foliyesta ne, abin da yake sha a cikin jikinsa bai kai kashi ɗaya cikin ɗari na nauyinsa ba. Ruwan a bayansa yake kwanciya, zaren kuma yana da taurin da ke hana shi rushewa gaba ɗaya, don haka wani kaso na kumburin yana nan, ana kuma iya matse shi a shanya ya bushe cikin 'yan awowi. Jakar gashi da ta jiƙe sharkaf kan ci yini ɗaya ko biyu ko da akwai rana, in kuwa babu rana to sai an sauko gida.

A nan ne hujjar marubucin take da rauni. Ya ce mai hankali ba ya barin jakarsa ta jiƙe, buhu mai hana ruwa ya wadatar. Da daga sama kaɗai ruwan yake zuwa, da na yarda da shi. To amma mafi yawan danshin da ke kashe jakar barci daga jikin mai ita yake fitowa. Ɗan Adam, ko bai yi zufa ba, yana fitar da ruwan da ya kai rabin lita zuwa lita guda a kowace rana ta fata da numfashi, ba tare da ya sani ba, kuma dare yana da kasonsa a ciki. Wannan tururi yana ratsa jakar daga ciki mai ɗumi zuwa waje mai sanyi. Idan daren ya yi sanyi, kafin ya kai ga fita sai ya tarar da wurin da sanyi ya isa ya mai da shi ruwa, kuma sau da yawa wannan wuri yana cikin gashin ne, dab da yadin waje. A ƙara da raɓar da ke taruwa a bangon tanti tana ɗiga, da ƙafar jakar da ke gogar bangon, da safa da rigar da matafiyi ya shiga da su da ɗan danshi, da hazon da ke shigowa duk lokacin da aka buɗe ƙofa. Da safe, mai sauri ya naɗe jakar da ɗuminta ya cusa ta cikin buhun nan mai hana ruwa, ya ɗaure. Buhun da aka ce zai kare ta shi ne yanzu ya kulle danshin daren jiya a cikinta har yamma. Idan akwai rana, rabin awa a kan dutse ya gyara komai. Idan babu, kowane dare yana ɗora nasa a kan na jiya, jakar tana ƙara kwanciya, ɗuminta yana raguwa, alhali ko ɗigon ruwan sama bai taɓa ta ba.

Tarihin tafiye-tafiyen ƙanƙara ya nuna iyakar inda wannan abu yake kaiwa. A tsakiyar hunturun Antaktika na 1911, mutum uku daga ayarin Kyaftin Scott, wato Edward Wilson da Henry Bowers da Apsley Cherry-Garrard, sun yi tafiyar mako biyar cikin duhu zuwa Cape Crozier neman ƙwan tsuntsun fengwin, cikin sanyin da ya kai digiri 60 ƙasa da sifili. Jakar Cherry-Garrard ta fatar barewar ƙanƙara ce da aka yi wa ciki da lallausan gashi. Da kilo 8 ta tashi, da kilo 20 ta dawo, kuma dukan ƙarin ƙanƙara ce da ta fito daga numfashinsa da fatarsa. Adalci ya sa in kawo ɗayan ɓangaren: a 1986 ayarin Will Steger ya kai Kusurwar Arewa ta duniya da karnuka masu jan kaya, jakunkunansu na zaren roba ne, su ma sun tara ƙanƙara har nauyinsu ya fi ninki biyu. Wato a sanyi irin wannan, na makonni, babu abin cikon da ke tsira, sai dai a sa wani rufi daga ciki da zai hana tururin jiki shiga jakar tun farko. Na kawo misalan biyu ne don abu ɗaya da suka tabbatar tare, cewa ruwan da ke cikin jakar barci ba sakacin mai ita ba ne, halittar jikinsa ce. Duk nasihar da ta ɗauka cewa kula da tsantseni kaɗai za su hana jaka danshi, ba ta san daga inda danshin yake zuwa ba.

Akwai kuma wani zato da ke ƙarƙashin maƙalar, cewa haɗari yana inda sanyi ya fi tsanani. Masu aikin ceto a duwatsun Birtaniya sun daɗe da sanin akasin haka. A watan Maris na 1964, a wata gasar tafiyar ƙasa ta 'yan sikawut mai suna Four Inns a tuddan Derbyshire na Ingila, samari uku sun rasu saboda sanyi, a ranar da ma'aunin zafi ke 'yan digirori sama da sifili, amma ga ruwan sama ga iska. Likita Griffith Pugh, masanin yadda jikin ɗan Adam ke aiki na ayarin da ya fara kaiwa ƙololuwar Everest a 1953, ya bi diddigin lamarin, ya nuna cewa tufafin da suka jiƙe, idan iska na kaɗawa, suna rasa mafi yawan ɗuminsu. Ba jakar barci ce ta kashe samarin ba, ban kuma ce haka ba. Abin da rasuwarsu ta koyar shi ne sanyi mai jiƙa, tsakanin sifili da digiri 10, yana iya saukar da zafin jikin mutum ƙasa da digiri 35, inda tunani ke rikicewa hannu ya kasa ɗaure igiya. Mutumin da ya iso masauki a irin wannan hali, a gajiye, a jiƙe, yana makyarkyata, jakar barcinsa ce mafakarsa ta ƙarshe. A wannan daren ba zai iya bin ƙa'idodin tsantseni goma ba, da danshinsa zai shiga jakar. Tambayar da ta kamata a yi game da kowace jaka ita ce me za ta yi masa a lokacin.

Ba na son in gyara wuce gona da iri da wani irinsa. Kamfanoni kan tallata zaren roba da cewa yana ba da ɗumi ko a jiƙe, kuma wannan magana an ƙara mata gishiri. Wanda ya kwana a jakar roba mai ɗigar ruwa ba zai ji daɗin daren ba ko kaɗan. Abin da robar ke bayarwa ya fi haka ƙanƙanta, amma shi ne mai muhimmanci: ba ta rushewa a tashi ɗaya, danshin kwanaki ba ya kwantar da ita da sauri, kuma zafin jikin mutum da ɗan iskar safe sun isa su fara busar da ita. Saboda wannan ne a 1983 cibiyar binciken sojan Amurka da ke Natick ta nemi kamfanin Albany International ya samar mata da abin da zai maye gurbin gashin dinya ba tare da tsoron ruwa ba, aka samu PrimaLoft. Rundunar da ke da kuɗin sayen gashi mafi tsada a duniya ta zaɓi ta raba wa sojojinta jakunkunan roba, domin soja ba ya zaɓen ranar da zai kwana a waje. Wani shaidan da ya fi dacewa da gardamarmu shi ne Ray Jardine, injiniya kuma gwanin hawan dutse, wanda littafinsa na 1992 kan hanyar Pacific Crest, mai tsawon fiye da kilomita 4,200 daga iyakar Meziko zuwa ta Kanada, ya yaɗa aƙidar rage nauyin kaya da marubucinmu yake wa'azinta. Mutumin da ya shahara da ƙin ɗaukar giram ɗaya na banza, bargon da ya ɗinka wa kansa da matarsa na zaren roba ne, dalilinsa kuma danshi. Da wuya a kira Jardine ɗan koyo.

Sai batun nauyin kansa, wanda aka ɗora dukan hukuncin a kansa. Bambancin nauyi tsakanin jakunkunan biyu yana girma ne gwargwadon tsananin sanyin da aka yi su dominsa. A jakar da aka yi don digiri 20 ƙasa da sifili, ta roba kan fi ta gashi da kilo guda ko fiye, ta kuma cinye rabin jakar goyo, kuma nan ba ni da abin cewa. Amma a jakar da aka yi don sifili zuwa digiri 5, bambancin tsakanin masu kyau daga kowane ɓangare yakan tsaya wajen rabin kilo, nauyin ledar fiya wata guda. To ina ne masu karanta waccan maƙala za su je? Duwatsun Shere na Jos tsayinsu mita 1,829, kuma ko a tsakiyar hunturu darensu na 'yan digirori ne ƙasa da 10. Chappal Waddi, dutse mafi tsawo a Najeriya, mita 2,419 ne, yana cikin gandun Gashaka Gumti a Taraba, ƙasa ce ta ƙoramu da raɓa da gajimare. Dutsen Kamaru da ake hawa daga Buea ya kai mita 4,040, yana tsaye a bakin teku, kuma a gindinsa ne ƙauyen Debundscha yake, inda ruwan shekara ke kaiwa kusan milimita 10,000, ɗaya daga cikin wurare mafiya ruwa a duniya. Za a ce ai da rani ake hawan waɗannan wurare, kuma haka ne, amma rani a dutsen da ke shan iskar teku ba irin ranin Katsina ba ne, gajimare na iya lulluɓe masauki yini guda. Wanda ya ƙara nisa zuwa Rwenzori a iyakar Yuganda da Kwango zai yi mako yana ratsa taɓo da hazo. A irin waɗannan wurare sanyin matsakaici ne, danshin mai yawa. Fifikon gashi a nan ya fi ƙanƙanta, lagonsa kuma ya fi fitowa fili.

Akwai wuraren da nasihar malamin ta yi daidai ɗari bisa ɗari, kuma wasunsu na kusa da mu. Wanda zai kwana a tsaunin Bagzan na ƙasar Abzin, mai tsayin mita 2,022, a watan Janairu, ko a kan Emi Koussi na Tibesti a Chadi, mai mita 3,415, zai gamu da sanyi mai kaiwa ga daskarar da ruwa, amma iskar busasshiya ce, rana kuma tana fitowa kowace safiya. Can gashi ba shi da abokin gaba. Haka duwatsun Sierra Nevada na Kalifoniya da bazara, inda ake shafe makonni sama na tas. Ina ma kyautata zaton daga irin waɗannan wurare wannan ra'ayi ya taso, domin yawancin rubuce-rubucen rage nauyin kaya masu tafiya a yammacin Amurka ne suka yi su, kuma sun faɗi gaskiyar ƙasarsu. Kuskuren shi ne a kwaso hukuncin da aka yanke a ƙasar da rana ke shanya kaya kullum a miƙa wa yaron da zai nufi Taraba ko Buea ba tare da an tambaye shi ina za shi ba.

Gashin da aka yi wa maganin ruwa, wanda ya shigo kasuwa wajen 2012 da sunaye irin su DownTek da DriDown, ci gaba ne na gaske, ban raina shi ba. Ana lulluɓe zaruruwan da wani sinadari mai korar ruwa, sai su jinkirta sha su kuma yi saurin bushewa. Jinkiri dai yake bayarwa. Idan aka danne shi cikin danshi, kamar yadda ake yi wa kowace jaka da aka naɗe ko aka kwanta a kai, ruwan yana shiga, sinadarin kuma yana raguwa da wanki da shekaru. Ya matso da gashi kusa da roba a tafiyar kwana biyu, bai share tazarar a tafiyar mako ba.

Ƙarko shi ne hujjar marubucin da ta fi ƙarfi. Jakar gashi mai kyau tana iya shekara 15 ko 20 tana aiki, ta roba kuwa zarenta yana karyewa da yawan matsi, bayan 'yan shekaru na amfani sosai kumburinta ya ragu, ko da yake irin zaren da ake saƙawa dogo ba yankakke ba, kamar Climashield, ya fi jurewa. Daga nan marubucin ya lissafa cewa tsadar gashi araha ce idan aka raba ta da shekaru. Lissafin yana da sharuɗɗan da bai ambata ba. Gashi ba ya son omo, domin yana wanke ɗan man da ke hana zaruruwan karyewa, sai da sabulu na musamman. Bayan wanki yana bukatar awowi a injin busar da kaya mai ɗan zafi kaɗan, ana farfasa ƙullin, in ba haka ba ya bushe a dunƙule ko ya yi wari. Yana bukatar ajiya a sake, a wuri busasshe, shekara da shekaru. A gidan da wuta ba ta tsayawa, babu injin busarwa, damina kuma na sa takalmin fata funfuna a cikin ɗaki, shekara 20 ɗin nan ba tabbas ba ce. Sannan wanda ke fita sau biyu ko uku a shekara ba zai gajiyar da jakar roba da wuri ba, muddin ba a matse yake ajiye ta ba. Ga kuma abin da ya fi damuna: mai ƙaramin ƙarfi da aka gaya wa cewa roba abin kunya ce ba zai je ya sayi gashi mai lamba 800 ba, domin ba shi da kuɗin. Zai je gwanjo ko shagon intanet ya ɗauki wadda aka rubuta wa gashin agwagwa a farashi mai sauƙi, wadda rabin cikinta fuka-fukai ne masu tsinke da ba sa riƙe iska, ko wadda ta sha wanki da omo a hannun mai ita na farko. Irin wannan ta haɗa nauyin roba da tsoron ruwan gashi, ba ta da alherin ko ɗaya.

Marubucin ya taɓo batun muhalli, cewa gashi abin halitta ne roba kuwa daga man fetur take. Haka ne, foliyesta daga fetur yake, yana zubar da ƙananan ɓarɓashi a wanki, ba ya ruɓewa. Amma ya tsallake cewa mafi yawan gashin duniya daga gonakin agwagwa da dinya na ƙasar Sin yake fitowa, wasu daga Hangari da Folan, kuma an sha bankaɗo inda ake fige tsuntsaye da ransu ko a ɗura musu abinci da ƙarfi don hantarsu ta kumbura. Abin da ya sa ke nan aka kafa ma'aunin Responsible Down Standard a 2014 don bin sawun gashi daga gona zuwa shago. Gashin da ba shi da irin wannan shaida, wanda shi ne ya fi yawa a kaya masu araha, mai saye ba shi da hanyar sanin yadda aka same shi. Kowane ɓangare da nasa nauyin, babu wanda zai yi wa wani gori.

Abin da ya fi ba ni mamaki shi ne maƙala mai tsawo haka ba ta ce uffan kan shimfiɗa ba. Gashi da roba duk suna kwanciya ƙarƙashin nauyin mutum, kuma abin da ya kwanta ba ya riƙe iska, don haka ƙasa tana zuƙe zafin bayan mai barci ko da jakarsa ta fi ta kowa tsada. Gwajin da aka samo lambobin nan daga gare shi ma a kan shimfiɗa mai kyau ake yin sa. Matashin da ke da kuɗi ƙayyadadde, idan ya zuba su duka a jakar gashi ya kwanta a kan siririyar tabarma, ya fi wanda ya sayi jakar roba mai kyau da katifar soso ta matafiya jin sanyi, ko a busasshen dare. Ba a fafe gora ranar tafiya, saboda haka tun a gida ya kamata ya zauna ya amsa wa kansa: wane dutse, wane wata, dare nawa a jere, kuma akwai tabbacin ranar da zai shanya kaya? Idan amsar ita ce Bagzan a hunturu kuma yana da hali, ya sayi gashi mai shaida da lamba mai kyau. Idan Gashaka ce ko Buea ko Rwenzori, ko kuma bai san inda sha'awar za ta kai shi ba tukuna, ta roba ce ta dace da shi, ragowar kuɗin ya sa a shimfiɗa da rigar ruwa. Wanda kuwa burinsa Kilimanjaro ne sau ɗaya a rayuwa, inda masaukan sama ke bukatar jaka mai kauri da ba zai sake amfani da ita a gida ba, shagunan Moshi da Arusha suna ba da hayarta na kwanakin hawan.